Tabarau Ɗin Da Ke Zuwa Cikin Kwalin Injin Leza Ba Abin Dogaro Ba Ne

Injin zane da leza ya shiga sahun kayan da matashi zai tara kuɗi ya yi odarsa daga China, ya iso a kwali, ya haɗa shi da kansa a yini guda yana kallon bidiyo a YouTube. Da shi ake rubuta sunan ango da amarya a jikin filas da kofi, a zana tambari a kan fata, a yanka siririn katako a yi allon ado ko mariƙin makulli. Sana'a ce mai kyau, kuma babu dalilin hana kowa shigarta. Matsalar tana can ƙasan kwalin, inda ake tarar da wani tabarau na roba, kore ko ja, a cikin leda, ba takarda, ba lamba a jikinsa, wani lokaci ko sunan kamfani babu. Mai injin ya saka shi, ya ji ya cika sharaɗi. Wannan kwanciyar hankalin da tabarau ɗin ke bayarwa ita ce abin tsoro, domin wanda bai saka komai ba yana kawar da kai, wanda ya saka kuwa har sunkuyawa yake yi ya leƙa.

Sai an fara sanin girman abin da ke kan teburin. Ƙa'idar duniya da ake auna leza da ita, IEC 60825-1, ta raba su aji-aji. Aji na 2 shi ne hasken da ido ke gani wanda bai wuce miliwat 1 ba, kuma an gina lissafinsa a kan cewa mutum zai ƙifta ido ko ya kawar da fuska cikin kwatan daƙiƙa. Aji na 3R ya kai miliwat 5, kuma nan ce iyakar da hukumar FDA ta Amurka ta yarda a sayar da abu da sunan lezar nuni, irin wadda malami ke nuna rubutu da ita a allo. Daga miliwat 5 zuwa 500 aji na 3B ne. Duk abin da ya haura 500, wato rabin wat, ya faɗa aji na 4, kuma babu wani aji a samansa. Injinan zane da aka fi saye suna fitar da wat 5, 10 ko 20, akwai ma masu 40. Injin wat 10 ya ninka iyakar aji na 2 sau 10,000, ya ninka mashigar aji na 4 sau 20. A wannan ajin ba sai hasken ya daki ido kai tsaye ba; wanda ya bugi katako ya watsu ma yana iya yin ɓarna idan mutum na kusa.

Wasu masu talla suna rubuta wat 40 ko 80 a kan injin da haskensa bai wuce wat 5 ko 10 ba, saboda suna lissafa wutar da yake sha maimakon hasken da yake fitarwa. Wanda ya gano haka yakan ji an cuce shi, kuma an cuce shi ɗin. Sai dai ta fuskar ido wat 5 ɗin ma ta wuce gona da iri.

Abin da ke faruwa a cikin ido

Duk wanda ya taɓa ƙona takarda da gilashin ƙara girma a tsakar rana ya san aikin da ido ke yi. Ido yana tattara hasken da ya shigo ya tara shi a ɗigo guda a kan retina, wato shimfiɗar da ke bayan ido mai karɓar hoto. Hasken da tsawon zangonsa ke tsakanin nanomita 400 da 1400 yana ratsa gaban ido ya isa can, kuma tattarawar tana iya ninka zafinsa a wurin kusan sau 100,000. Leza ta fi kowane haske dacewa da wannan tattarawa saboda duk haskenta hanya guda yake bi.

Retina ba ta da jijiyoyin jin zafi. Mutum na iya ƙona ta bai ji komai ba, sai dai walƙiya da wani tabo da ya ƙi gushewa. Kuma da yake ɗabi'ar ido ce ya juya ya kalli duk abin da ya haska, wurin da ya fi ƙonewa shi ne tsakiyar retina, ɗan wurin da ake karatu da shi, ake gane fuska, ake duba waya, ake zura zare a allura. Wanda ya rasa wannan wurin bai makance gaba ɗaya ba. Yana ganin gefe-gefe, yana tafiya ba ɗan jagora, amma duk abin da ya zuba wa ido sai tsakiyarsa ta ɓace. Ƙwayoyin da suka mutu a nan ba sa sake tsirowa. Idan ido ɗaya ne ya samu rauni, ɗayan yakan rufa masa asiri, har mutum ya yi watanni bai sani ba sai ranar da ya rufe lafiyayyen.

Likitoci sun rubuta irin waɗannan raunuka. A shekarar 2014 likitocin asibitin ido na Sarki Khalid da ke Riyadh a Saudiyya sun wallafa bayanin majinyata 14, dukansu maza, masu shekaru daga 11 zuwa 30, waɗanda shuɗiyar lezar hannu mai nanomita 450 ta raunata. Ƙarfin lezojin ya kama daga miliwat 150 zuwa 1200. Huɗu daga cikinsu rami ne ya ɓule a tsakiyar retinarsu, wasu jini ya taru musu a gabanta, kuma goma sai da aka yi musu aiki. Kafin nan, a 2010, likitoci a birnin Lucerne na Switzerland sun ba da labarin yaro ɗan shekara 15 da ya yi odar koriyar leza mai miliwat 150 ta intanet, ya tsaya gaban madubi yana wasa da ita, ya raunata idanunsa biyu. Mafi ƙarfin lezojin Riyadh bai kai rubu'in injin zane mai wat 5 ba.

Shuɗiyar leza mai ƙarfi ta yi araha ne tun wajen 2010, lokacin da kamfanin Casio ya fitar da majigi masu amfani da tarin dayod na nanomita 445. Masu ƙirƙira suka riƙa farke majigin suna ciro dayod ɗin, kuma a shekarar ce kamfanin Wicked Lasers ya fara sayar da lezar hannu mai suna Arctic da ke kaiwa wat 1. Jikokin waɗannan dayod ɗin ne ke cikin kawunan injinan zane na yau, masu nanomita 445 zuwa 455. Shuɗin kuma yana da wata yaudara. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan bai san ta ba. Idon ɗan Adam ya fi jin haske a wajen nanomita 555, tsakanin kore da rawaya, kuma a 450 jinsa bai kai kashi 5 cikin 100 na wancan ba. Shuɗin ɗigo da ya yi kama da mai sauƙi yana iya ninka kore mai haskensa ƙarfi fiye da sau 20. Ban da ƙuna ta farat ɗaya, shuɗin haske yana da wata ɓarnar da ke taruwa a hankali idan aka daɗe ana kallonsa, shi ya sa ƙa'idar ta ware masa iyaka ta daban ga kallon da ya wuce daƙiƙa 10. Wanda ke tsayawa a kan injin rabin sa'a yana bin ɗigon da ido yana cikin wannan lissafin.

Lambobi biyu

Tabarau ɗin leza na gaskiya yana ɗauke da lambobi biyu a jikinsa, a kan gilashin ko a hannunsa. Ta farko ita ce tazarar zangon hasken da yake tarewa, ta biyu kuma ita ce OD, wato kaurin tarewar. Rubutun yakan zo kamar haka: 190–540 nm OD 6+. Idan babu waɗannan lambobin, abin ado ne.

Lissafin OD mai sauƙi ne ga duk wanda ya saba da sifili. Kowace lamba ɗaya tana rage hasken sau goma. OD 1 yana barin kashi ɗaya cikin 10 ya wuce, OD 2 ɗaya cikin 100, OD 3 ɗaya cikin 1,000, OD 4 ɗaya cikin 10,000, OD 6 ɗaya cikin miliyan. Injin wat 10 yana fitar da miliwat 10,000. Da OD 2, miliwat 100 ce za ta wuce, wato kusa da lezar da ta raunata yaron Lucerne. Da OD 3, miliwat 10. Sai an kai OD 4 sannan a sauko miliwat 1, kuma wannan ita ce iyakar da aka yi wa kwatan daƙiƙa, ba tare da an bar ko ɗan rara ba. Shi ya sa mai hankali yake neman OD 5 ko 6 ga shuɗin injin zane. Tsakanin OD 2 da OD 6 akwai bambancin sau 10,000, amma a hannu duka biyun roba ce mai launi, kuma a fuska duka biyun suna dusashe ɗigon har ya yi daɗin kallo.

Launin gilashin ma ba hujja ba ne. Gaskiya ne cewa masu tare shuɗi yawancinsu ruwan lemo ne ko ja-ja, saboda abin da ya shanye shuɗi haka yake bayyana. Akwai kuma koraye na gaskiya da aka ƙera don wasu zangunan daban, waɗanda tarewarsu kan ƙare daidai wajen nanomita 450, inda injin zane yake zaune. Tabarau mai tarewa daga 190 zuwa 450 ba a yi alkawarin komai a kansa ba ga injin da ke fitar da 455. Roba mai ruwan lemo kuwa ko a jikin kayan wasan yara ana samunta.

OD kaɗai ma bai gama bayani ba, domin roba tana narkewa. Tabarau na iya tare haske sau miliyan a daƙiƙar farko, a ta biyu leza ta huda shi. Wannan ne ya sa ƙa'idar Turai mai suna EN 207 take gwada gilashin da firam ɗinsa a ƙarƙashin lezar kanta na daƙiƙa 5, sannan ta ba shi lamba mai farawa da LB, kamar LB5 ko LB6, tare da harafin da ke nuna irin lezar. Harafin D na leza mai fita ba yankewa ne, I da R da M kuma na masu fita a bugu-bugu. A Amurka ƙa'idar aiki da leza ita ce ANSI Z136. Akwai wata mai kama da ita a suna, Z87, da ake yawan gani a hannun tabarau, wadda aikinta shi ne tabbatar da cewa gilashin zai jure dukan tsakuwa ko ɓarɓashin ƙarfe. Mai talla da ya nuna Z87 a matsayin shaidar kariya daga leza, ko dai bai sani ba ko kuma ya sani.

Kowa na iya buga OD 6+ da alamar CE a jikin roba. Hanyar rage wannan haɗarin ita ce saye daga waɗanda sana'arsu ke nan, irin su Laservision, NoIR, Thorlabs da Kentek, ko aƙalla daga mai sayarwar da zai nuna takardar gwaji da zanen da ke bayyana OD a kowane zango. Wanda aka tambaye shi takarda ya fara kame-kame ya riga ya ba da amsa.

Baƙin tabarau na rana bai shiga wannan zancen ba. Irin wanda aka fi sakawa yana barin kashi 8 zuwa 18 cikin 100 na haske ya wuce, kuma kashi 10 na wat 10 wat guda ne cur. Duhunsa ma yana sa ƙofar ido ta ƙara buɗewa. Gilashin masu walda ya fi shi duhu, amma lambarsa an auna ta ne a kan hasken gaba ɗaya yadda ido ke jinsa, ba a kan zango guda ba, kuma wanda ya yi duhun da zai sa a ji an tsira ba a ganin aikin ta cikinsa, ƙarshe sai an ɗaga shi an leƙa. Gilashin walda mai yin duhu da kansa ya fi muni, domin ba a ƙera na'urarsa don ta gane leza ba.

Tabarau ɗaya kuma ba ya yi wa kowane inji. Manyan injinan yanka allunan talla, da ƙaramin da ake kira K40, suna amfani da lezar CO2 mai nanomita 10,600. Ido ba ya ganinta, ba ta kaiwa retina, amma tana ƙona fatar gaban ido. Injinan faiba da ake rubutu da su a kan ƙarfe, zobe da bayan waya suna aiki a nanomita 1064. Ita ma ba a ganinta, amma tana wucewa har retina, kuma da yake babu walƙiya babu ƙiftawa. Mai shagon da ya fara da shuɗin inji, kasuwa ta buɗe masa ya ƙaro na faiba, ya ci gaba da saka tabarau ɗinsa mai ruwan lemo, daidai yake da wanda bai saka komai ba a gaban sabon injin.

Koriyar lezar hannu da ake sayarwa kamar abin wasa tana da irin wannan ɓoyayyen haɗari a cikinta. Yawancin masu nanomita 532 ba kore suke farawa ba. Dayod mai nanomita 808 ke haska wani lu'ulu'u ya fitar da 1064, wani lu'ulu'un ya mayar da shi 532. Ya kamata a sa matatar da za ta tare ragowar 808 da 1064, amma masu araha da yawa ba sa sakawa. Tabarau mai tare kore kaɗai zai ɓatar da ɗigon daga gani ya bar infared ɗin ya shiga. A 2013 cibiyar awo ta Amurka, NIST, ta gwada lezojin nuni 122, ta tarar kusan kashi 90 cikin 100 na korayen da kusan kashi 44 na jajayen sun saɓa ƙa'ida. Rubutun da ke jikin leza mai cewa ba ta kai miliwat 5 ba, takarda ce kawai aka manna. Irin waɗannan ne aka riƙa haska wa Mohamed Salah a fuska a watan Maris na 2022, lokacin bugun fenariti tsakanin Senegal da Masar a wasan neman gurbin kofin duniya, abin da ya shiga cikin laifukan da FIFA ta ci tarar Senegal a kansu. Masu kallo da yawa sun ɗauke shi a matsayin dabarar rikita ɗan wasa. Ƙasar Switzerland kuwa tun 2019 ta haramta duk lezar nuni da ta wuce aji na 1.

Akwai gwajin da ake yaɗawa a bidiyo: a haska lezar ta cikin tabarau a kan farar takarda, idan ɗigon ya ɓace to tabarau ɗin na da kyau. Wannan gwajin yana iya kama tabarau na bogi ƙarara, amma ba ya wanke kowa. Ido ba ya bambance OD 3 da OD 6, ba ya ganin infared, kuma wurin da aka haska ya riga ya raunana. Hanyar sani ita ce na'urar auna ƙarfin leza, wadda kuɗinta ya fi na tabarau mai kyau.

Waɗanda suka shekara suna yi ba abin da ya same su

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa, kuma tana da tushe. Hasken injin zane an tattara shi ne ya haɗu a ɗigo a ɗan tazara kaɗan daga kan injin, bayan nan sai ya riƙa bajewa. Wanda ke tsaye nesa, idan hasken ya dawo gare shi, ɗan kaso ne zai shiga ƙofar idonsa. Katako da fata kuma suna shanye yawancin hasken. Shi ya sa mutane da yawa suke tsira. Lezar hannu ba haka take ba: an ƙera ta don kada ta baje, don haka mai wat 1 ta fi injin wat 10 haɗari ga wanda ke ƙarshen ɗaki.

Amma aikin da ke kawo kuɗi shi ne daidai wanda ke rushe wannan sa'ar. Filas na bakin ƙarfe, cokali, tire, madubi, tayil, bayan waya, duk masu ƙyalli ne. Ko gilashin taga yana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na haske daga kowace fuska, kuma kashi 4 na wat 10 miliwat 400 ne. Abu mai lanƙwasa yana jefa hasken inda ba a zata ba, mai zurfi kamar cikin cokali yana iya sake tattara shi. Ƙusa ɗaya a cikin katako ko farantin ƙarfen da ke ƙarƙashin abin da aka yanka ya isa. Kuma lokacin da mutum ya fi kusantar da fuskarsa shi ne lokacin saiti, yana daidaita ɗigon a kan tsakiyar kofi.

A nan manhaja ke ƙara yaudarar. LightBurn da LaserGRBL suna ba da damar kunna lezar a ƙaramin ƙarfi don a ga inda za ta bi, kuma mutane sukan cire tabarau a wannan lokacin saboda ba a ganin ɗigon sosai ta cikinsa. Kashi 1 cikin 100 na wat 10 miliwat 100 ne, aji na 3B. Sannan akwai saitin da kowane mai inji ya kamata ya duba da kansa. Yawancin waɗannan injinan GRBL ke tafiyar da su, kuma a cikinsa saitin $32 ya zama 1, wato yanayin leza. Umarnin M3 yana riƙe ƙarfin a tsaye, M4 kuma yana ɗaure shi da gudun injin, ta yadda idan kan ya tsaya hasken zai mutu. Idan kebul ɗin USB ya motsa, ko kwamfuta ta mutu saboda an ɗauke wuta alhali injin na kan inbata, aikin da ke tafiya da M3 yana iya tsayawa da lezar a kunne a wuri guda. Abin da mutum zai yi a firgice shi ne ya ruga ya sunkuya a kai. Manhaja tana kuskure, duk mai rubuta ta ya san haka, don haka makashin da ke yanke wutar injin gaba ɗaya ya kasance inda hannu zai kai ba tare da an sunkuya ba.

Ko da tabarau ɗin ya cika duk sharuɗɗa, fuska ɗaya yake karewa. Shago ba ɗakin gwaji ba ne. Akwai yaron shago, akwai kwastoma da ya zo karɓar kayansa ya tsaya kallon ikon Allah, akwai abokin da ya shigo cajin waya, akwai mai talla a bakin ƙofa. A gida akwai yara, kuma idon ƙaramin yaro yana daidai da tsayin teburin, inda hasken ke fita ta gefe a ƙarƙashin ɗan murfin da ke kan injin. Babu ɗaya daga cikinsu da ya zaɓi shiga wannan haɗarin. Wanda ya kunna buɗaɗɗen inji mai aji na 4 a shagon da ke kallon titi ya ɗauki alhakin idanun da ba nasa ba.

Saboda haka akwati ya riga tabarau. A tsarin masu aiki da leza, kayan da ake sakawa a jiki su ne matakin ƙarshe, bayan an killace hasken. Injinan da ke zuwa a rufe, masu makunnin da ke kashe lezar da zarar an ɗaga murfi, da yawansu ana sayar da su a matsayin aji na 1 duk da cewa abin da ke ciki aji na 4 ne, kuma bambancin kuɗinsu da buɗaɗɗu kuɗin wannan rufin ne. Wanda ya riga ya sayi buɗaɗɗe, mai walda ko kafinta zai yi masa akwati, gara na ƙarfe tunda katako na kamawa da wuta, a shafe cikinsa da baƙin fenti marar ƙyalli, a sa ɗan makunni a murfin da zai yanke wutar kan lezar. Kuskuren da ake yawan yi yana wajen taga. Farin akirilik da gilashin taga suna barin shuɗin haske ya wuce salin-alin. Dalilin ke nan da ya sa shuɗin inji ba ya iya yanka farin akirilik. Shi wannan akirilik ɗin yana shanye lezar CO2, shi ya sa ake ganinsa a murfin manyan injina, sai mutum ya kwaikwaya a inda bai dace ba. Mafi sauƙi shi ne a bar akwatin ba taga, a sa ƙaramar kyamara ko tsohuwar waya a ciki, a riƙa kallon aikin a allo. Idan wani abu zai ƙone, kyamarar ce. A haɗa da fanka da bututun da zai fitar da hayaƙi waje, kuma kada a kusanci fatar roba ta PVC da leza, domin tana fitar da iska mai sinadarin kulorin da ke cin ido da huhu da ƙarfen injin kansa.

Masu shigo da injinan da masu koyar da sana'ar a TikTok da YouTube suna da kaso a wannan. Bidiyon da aka ɗauka da fuska a buɗe a gaban shuɗin haske darasi ne, ko mai shi bai yi niyya ba, kuma ɗalibin da ya biya kuɗin koyo abin da ya ga malaminsa na yi zai yi. Wanda ya iya lissafa wa ɗalibi ribar kofi ɗari zai iya koya masa karanta lambobi biyu a jikin tabarau. Batun tsada gaskiya ne, musamman da yadda canjin dala yake, amma tabarau mai takarda kaso ne ƙarami na kuɗin injin, kuma a cikin jarin farko ya kamata a lissafa shi, biyu ma, ɗaya na mai inji ɗaya na yaronsa. Shi ma yana tsufa: wanda ya karce, ya tsage, ko launinsa ya koɗe saboda an bar shi a rana, ya tashi daga aiki.

Idan abin ya riga ya faru, wato mutum ya ga walƙiya sannan tabo ya ƙi tafiya bayan 'yan mintuna, ko layuka miƙaƙƙu sun fara lanƙwashewa, ko wani ja ko baƙin abu na yawo a ganinsa, a kashe injin, a rufe ido ɗaya a gwada ɗayan a kan rubutu, sannan a sauya. Kada a murza, kada a ɗiga komai daga kemis, kada a jira a ga ko zai washe zuwa jibi. A nemi likitan ido a ranar, a asibitin da ke da na'urar OCT mai ɗaukar hoton retina, irin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko sashen ido na asibitocin koyarwa. A tafi da bayanin zangon lezar da ƙarfinta, a faɗi tazarar da ke tsakani da abin da hasken ya buga kafin ya dawo, a kuma tafi da tabarau ɗin da aka saka a lokacin.